Daga Ragon Layya Zuwa Wutsiyar Cika-Ciki

Tsakanin 10 ga Zulhajji da 10 ga Muharram wata guda ne, amma in kana son sanin halin mutanen unguwarku, wannan watan da 'yan kwanakin da ke gabansa sun ishe ka. A cikinsa ake yanka, a yi suya, sarakuna su hau, alhazai su sauko, shekara ta ƙare wata ta kama, sannan a rufe da daren da ake cewa kowa ya ci ya ƙoshi. Duk wanda ya shekara yana ɓoye halinsa, a nan yake mantawa ya bar shi a fili.

Wanda kan fara bayyana, tun Sallah saura mako biyu, shi ne Malam Mai Jiran Farashi. Shi ba ya sayen rago, ziyarar rago yake yi. Ya je Wudil ranar Juma'a, ya leƙa Dambatta ranar Lahadi, in Alhamis ta zagayo ya biya kuɗin mota har Maigatari, can bakin iyaka, don an ce masa a can dabbobi sun fi sauƙi. Ya san balami, ya san uda, ya san ɗan ƙasa. Zai buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya matsa gadon baya, ya ɗan ɗaga shi ya ji nauyi, sannan ya taya rabin kuɗi. Dillali ya ce, "Albarka." Shi kuma ya karkaɗe hannu ya ce, "Za su sauko, bara ma haka suka yi." Kowace shekara da bayanin da yake bayarwa: wata shekarar tsadar dusa ce, wata shekarar kuɗin mai, a 2025 kuwa da gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Sallah, sai da ya yi wata guda yana sharhi a majalisa. A cikin fikihu duka mas'ala ɗaya ya riƙe da kyau, ita ce layya kwana uku ce. Saboda haka washegarin Sallah da yamma za ka gan shi a bayan babur, rungume da wani ramammen rago mai tari. In aka haɗa kuɗin ragon da kuɗin motar yawon kasuwanni, da tuni sun saya masa udan da ya raina tun ranar farko.

Maƙwabcinsa akasin haka ne. Ya sayi nasa tun watan bawa bai ƙare ba, kuma duk faɗin gidansa bai ga inda ya dace a ɗaure shi ba sai ƙofar gida, bakin titi. Ana yi wa ragon wanka da sabulu, ana zuba masa harawa da dusa a sabon daro, yara na taruwa suna kallo. In ka ce, "Alhaji, wannan rago haka!" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ɗan ƙarami ne, na yara ne." Kada ka tambaye shi nawa ya saya. Zai ce ba a faɗa, kuma kafin ka bar wurin zai faɗa. Akwai kuma 'yan haɗin sa, mutum bakwai a kan bijimi ɗaya, aminai tun makarantar allo, waɗanda amincinsu kan kai har lokacin da aka zo kan tozo.

Kan tela ba zan daɗe ba, kowa yana da nasa tabon. Kalmominsa ba sa canzawa: saura wuya, saura maɓalli, saura guga, yana wurin mai aiki, an ɗauke wuta. Ran jajibere shagonsa kan cika da manyan mutane zaune a kan benci har tsakar dare, kowa na gadin yadinsa. Amma gaskiya ɗaya ce, rabin laifin na wanda ya kawo shadda Sallah saura kwana huɗu ne, ya ce, "Kai dai ka taimaka," shi kuma telan Allah bai hore masa kalmar a'a ba.

Ranar Sallah, da an sauko daga Idi liman ya yanka nasa, maza kan yi mulkin awa biyu. Su kayar, su yanka, su feɗe, su gasa hanta su ci a tsaye, 'yan agajin ƙungiyoyin addini su zo su karɓi fata. Daga nan mulki ya koma hannun Hajiya Mai Mukulli. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akan baje ragon a kan sanduna a kewaya wuta da shi ya wuni yana gasuwa a waje, kowa na gani, sai washegari a yi rabo. A wajenmu kuwa naman cikin gida yake shiga, kuma da ya shiga ya zama sirri. Hajiya ta san adadin tsokar da ta shiga kasko, ta san adadin da ta fito. Tana gama suya ta juye a bokiti mai murfi, ta tura cikin ɗaki, ta kulle, ta ɗaure mukulli a bakin zani. Yaron da ya yi dabara ya shiga, aljihunsa ne zai tona shi, don man suya ba ya rufa wa kowa asiri a kan sabuwar shadda. Shi kansa maigidan da ya biya kuɗin ragon, sai ya yi gyaran murya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ko akwai ɗan abin taɓawa?" Ta ba shi guda uku a ɗan faranti, ta tsaya har ya cinye.

Ana yi mata dariya a kan rowa, ni ma ina yi, amma a saurari yadda take rabo. Ba ta da littafi, komai a ka yake. Gidan wane bara cinya suka aiko, a kai musu cinya. Gidan wance ƙashi suka aiko da ɗan kitse, to, Allah ya ba su haƙuri. Sai kuma ta sassauta murya: gidan can na lungu bana babu mai yanka, maigidan ya rasu da azumi, wancan kuma an sallame shi daga aiki, kunya ba za ta bar matarsa ta nuna ba, ga wata Gwaggo da 'ya'yanta duk suka yi nisa. Waɗannan ake fara kai wa, tun hayaƙin suya bai isa gidajensu ba, kuma nama mai kyau ne. Ta ce wa ɗan aike, "Ka ce ina yi musu barka da Sallah. Ka ajiye ka fito, kada ka kuskura ka tsaya jiran tukuici." A cikin duk masu cewa za su zauna su yi wa kansu hisabin shekara, ban ga wanda lissafinsa ya kai na wannan matar ba. Ta san wanda ya mutu, ta san wanda ya talauce, ta san wanda aka yi faɗa da shi kuma lokaci ya yi da za a shirya, ta kuma san girman tsokar da za ta isa ta isar da saƙon.

Ran jajibere Yallaɓai na Abuja ya iso, mota a wanke, but cike da buhun shinkafa da katan ɗin lemo, aljihu cike da sababbin takardun kuɗi masu ƙamshi. Ranar farko sarki ne. Ya zauna a zaure, yara su yi layi, kowa ya durƙusa ya ce barka da Sallah ya karɓi sabuwar ɗari biyu. Rana ta biyu manya ke zuwa, kuma su ba ɗari biyu ce ta kawo su ba. Kawu ya zo da zancen rufin ɗakin da ruwa ya yaye, Gwaggo ta zo da takardar asibiti, ƙanin abokin ƙaninsa ya zo da takardun neman aiki a cikin leda. Amsa ɗaya ce: "Ka turo min ta waya, in na koma zan duba." Rana ta uku kafin a kira assalatu ya tayar da mota, ya bar sallahu cewa an neme shi a ofis da gaggawa. Ba na ganin laifinsa sosai. Motar bai gama biya ba, sababbin kuɗin ma saya ya yi da asara a hannun masu canji, duk da dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta cinikin takardun naira. Ya zo ne kawai don kada a ce bai zo ba, kuma zuwan nan ma wani abu ne, tun da Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.

Su kuwa yaran da suka karɓi ɗari biyun, su ne masu karɓar harajin da babu mai guje musu. Baƙin tabarau, agogon roba da ba ya tafiya, takalmin da aka sayo da girma don ya kai baɗi. Sun san gidan da ake ba da kuɗi, sun san gidan da ake ba da cincin kawai, sun san gidan da ake cewa maigida yana barci tun shekara uku da suka wuce. Da magariba su dawo da aljihu a cike, su tarar da babbar hukumar da ta fi su: "Kawo in ajiye maka." Har yau ban haɗu da Bahaushen da aka mayar wa wannan ajiyar ba.

A wajen kallon hawa akwai mutumin da ba a gayyata ba amma shi ne mai bayani. A Kano za ka same shi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, tun rana na tsaka ya kama wuri. Shi zai gaya maka sarki zai biya ta Babban Ɗaki ya gai da mahaifiya, gobe kuma Hawan Nasarawa, za a je gidan gwamnati a ratsa ta Sabon Gari. Ya san 'yan lifidi, ya san 'yan sulke, yana jin kakaki daga nesa ya ce ga wanda ke tafe. Zai ce maka takalmin gashin jimina da kakakin nan tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a nan gaskiyarsa ce. Tun da UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ya ƙara wannan ma a cikin karatu, yana faɗa kamar da shi aka yi zaman. Matsalarsa ɗaya ce: duk hakimin da ya wuce ɗan'uwansa ne. "Wannan ai kakarsa da kakata 'yan ɗaki ɗaya ne." Ya ɗaga hannu ya yi jinjina, hakimin ya wuce bai ko waiwayo ba, ya ce, "Amawali ne ya rufe masa ido." Da 'yan bindigar sarki suka saki harbi, shi ne na farko da ya faɗa cikin kwata. A 2020 da korona ta hana hawa, an ce har ramewa ya yi.

Kusa da shi a daraja akwai mahayin aro, saurayin da ya yi hayar doki da alkyabba da rawani don hoto. Dokin ya san hanya, ya san kiɗa, ya kuma san wanda ke kansa bai san komai ba.

Naman Sallah na fara ƙarewa jirage ke fara sauke alhazai, sai Sabon Alhaji ya shigo unguwa da farar jallabiya da jan rawani a kafaɗa. Wata guda ya yi a ƙasa mai tsarki, amma Hausa ta soma yi masa wuya. Ka gaishe shi ya ce, "Alhamdulillah, kwayyis." Ka miƙa masa ruwa ya ce, "Shukran." Yaro ya yi ɓarna ya ce, "Haram, ya walad!" Duk zancen da aka ɗauko, ko na taki ne ko na zaɓe, zai karkato da shi ya ce, "Ai mu da muna Mina..." Hajiyarsa kuwa, wadda da ba ta cika dariya ba, yanzu ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta yi murmushi ta gefen da haƙorin Makka yake. Abin al'ajabi shi ne zamzam ɗinsu. Galan ɗaya mai lita biyar ake ba kowane alhaji, amma nasu kan shayar da unguwa guda har ya kai Mauludi, kuma ba na tambayar yadda aka yi. Tsarabar ma haka: dabino, bagaruwa, carbi, hula, ɗan kwalin kai, wasu daga Makka, wasu daga Madina, wasu kuma daga kasuwar da ba ta fi tafiyar Keke Napep ɗaya daga gidansa ba. Mai karɓa ya sani, mai bayarwa ya san ya sani, a ce Allah ya maimaita, a rabu lafiya. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai zuwa sannu da zuwa har sau uku, don zuwan farko dabino biyu kawai ya samu.

Ana cikin haka sai a ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe 1 ga Muharram. Nan take wani irin mutum ke farkawa: Mai Kishin Hijira na Kwana Ɗaya. Tun da safe ya cika wayoyin jama'a da hoton jinjirin wata da raƙumi, da dogon rubutu a kan yadda muka yi watsi da kalandarmu muka rungumi ta Nasara. Zai tuna maka an yi hijira a 622, kuma a zamanin Halifa Umar aka tsayar da lissafin. Duk daidai ne. Amma ka bari a yi wata huɗu ka tare shi a hanya ka ce, "Malam, yau nawa ga wata?" Zai zaro waya. Shekarar 1447 ta kama a ƙarshen Yunin 2025, kuma na tabbata da yawan masu wannan kishin sun sani ne saboda jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato kan ba da hutu. Tsohuwar da ke zaune a ƙuryar gidansu, wadda ba ta taɓa tura wa kowa saƙo ba, ita ce ba ta ɓata: ta san watan azumin tsofaffi, ta san na sha ruwan tsofaffi, ta san watan bawa, kuma ba da waya take ganewa ba.

Ɗan'uwansa shi ne Mai Neman Yafiya na Jimla. Saƙo ɗaya ya rubuta, ko in ce ya samu, don wani lokacin ko sunan wanda ya turo masa bai goge a ƙasa ba: duk wanda na ɓata wa, da sani ko da kuskure, ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Ya tura wa mutum ɗari biyar a WhatsApp, har da mai gyaran famfo da wani da ya taɓa sayar masa da taya. Mutum ɗaya ne saƙon bai isa wurinsa ba, wanda yake bin sa bashi tun Sallar bara. Ƙanwarsa kuma da ba sa magana saboda rabon gado, gidanta na bayan layinsu, ita ma a cikin ɗari biyar ɗin ta ga nata.

Mu kam Allah ya yi mana gata, sabuwar shekara biyu gare mu, saboda haka mai ɗaukar alkawari ba ya rasa ranar sabuntawa. A watan Janairu, lokacin da samari ke ƙona taya a titi, bankuna da 'yan siyasa na rabon kalanda, ya ce bana ya bar goro, ya bar bashi, ya bar zaman majalisa har sha biyun dare. Kuɗin makarantar yara ya karya na biyun kafin wata ya raba. Da azumi ya sake ɗaura niyya, har da sahun farko. Da Muharram ya ce ai dama waccan ba tamu ba ce, wannan ce ta gaskiya. Kuma da yake shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana goma sha ɗaya, kullum ranar tubansa ƙara matsowa take yi, shi kuma goron na nan a kumatu. Akwai kuma wanda in ka ce masa barka da sabuwar shekara, ko wacce ce daga ciki, zai ce bidi'a ce, ya yi maka wa'azi na minti ashirin, sannan ya tambaye ka ko gobe akwai aiki.

Sai daren cika-ciki. Malamai sun yi ta bayani cewa abin da ya tabbata shi ne azumin Tasu'a da Ashura, 9 da 10 ga wata; zancen cewa wanda bai ƙoshi a daren ba zai shekara da yunwa, wannan faɗar mutane ce. Mai Cika-Ciki ya ji, ya kuma yarda, amma ya ce rigakafi ya fi magani. Ya ci tuwon gidansu, ya leƙa gidan Yaya ya ce gaisuwa ya zo, ya biya gidan Inna ya ce hanya ce ta biyo da shi. Azumin ne dai bai samu dama ba, saboda olsa. A wannan daren ne Hajiya Mai Mukulli ke fito da makaminta na ƙarshe. Kowa ya ɗauka nama ya ƙare tun mako biyu da suka wuce, ita da bakinta ta rantse bokiti ya zama wayam. Ashe wutsiyar ragon na nan, ta sha gishiri ta bushe, an adana ta a inda ɓera da maigida ba su sani ba. A jefa ta a miya, gida ya ɗauki ƙamshi, kowa ya sami ɗan abin da zai ce ya ci naman bara a bana.

Da gari ya waye kuma sai taubasai su fito farauta, don watan kuɗin shara ne. Ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa na cewa ɗan'uwansa ne bawa, kuma bawa da ubangida duk ba sa jin kunyar miƙa hannu. A Nijar wasan nan har ya shiga jerin UNESCO tun 2014, amma Taubashiya ba ta jiran takardar kowa. Shekara guda ba ta neme ka ba, ba ta zo sunan ɗanka ba, amma ranar nan da sassafe za ka ji sallamarta, ta shigo ta cire maka hula a gaban matarka, ta ce ka rame, ta ce gidanka ƙazanta, ta zauna ta cinye kokon da aka dama maka. A cikin zagin ne za ka ji Baffa ba shi da lafiya, ɗiyar wance za ta yi aure bayan Mauludi, kuma Inna na fushi da kai don ba ka je ba da Sallah. In ka yi dabara ka kulle ƙofa ka ce a ce ba ka nan, wayarka za ta yi ƙara: "Kai bawa, na ga takalminka a zaure. Ga lambar asusuna nan na turo, kuma ka haɗa da na cirewa."